Alƙawarin da aka ɗauka a Abuja a 2001



Yau ina so mu waiwayi wani tarihi da ya faru a garin nan da muke neman abinci a cikinsa, wanda da yawanmu ba mu san shi ba.

A watan Afrilun 2001, shugabannin ƙasashen Afirka sun taru a Abuja, Obasanjo ne mai masaukin baƙi, don tattauna cutar ƙanjamau da tarin fuka da sauran cututtuka masu yaɗuwa. A lokacin, maganin ƙanjamau na shekara guda yana kai wa dala 10,000, sai mai hali. Wata biyu kafin taron ne kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da shi a kan dala 350. Nan duniya ta gane cewa tsada ce ke kashe talaka.

Abu biyu suka fito daga taron. Na farko, Kofi Annan, sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nemi a kafa asusu na duniya, ya ce ana bukatar dala biliyan 7 zuwa 10 duk shekara. A 2002 aka kafa asusun Global Fund, kuma yana cikin masu biyan kuɗin gidan sauro da maganin tarin fuka da ake ba mu kyauta.

Na biyu, shugabanninmu da bakinsu suka yi alƙawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi kowace shekara. Nijeriya, mai masaukin baƙin, ba ta taɓa cika shi ba. Yawancin shekaru abin bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba.

Wannan giɓin mu ke cike shi daga aljihunmu. Mai tura baro a kasuwar Wuse ko mai shayi a Karmo, in matarsa ta zo haihuwa da tangarɗa, sai ya ci jarinsa ko a yi masa karo-karo a masallaci. Da Amurka ta rage tallafinta a 2025, sai muka ga illar dogara da kwanon maƙwabci.

Amma akwai abin da ya kamata mu riƙe. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mara lafiya na gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Ni a ganina magani haƙƙinmu ne, ba alfarma ba. Idan masu neman ƙuri'a suka shigo Zuba ko Nyanya, mu tambaye su ina aka kwana kan kashi 15.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.