Cocin St. Louis na Bompai da Matan da Suka Zo Koyarwa

Yau za mu leƙa wani wuri da da yawanku ba ku taɓa shiga ba, wato cocin Katolika na St. Louis da ke Bompai, daura da Nassarawa GRA.

To, ta yaya coci ya zo nan? Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, ba su bar 'yan mishan sun yi wa'azi a cikin birni ba, don sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba. Su kansu Turawan a bayan ganuwa suka zauna, a Nassarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, aka ba su Sabon Gari. Shi ya sa babban cocin Katolika, Our Lady of Fatima, yake can, ba cikin gari ba.

Sunan St. Louis kuwa da mata ya zo. Ƙungiya ce ta sistoci, matan da ba sa aure, sun ba da rayuwarsu ga ibada da koyarwa. An kafa ta a Faransa a 1842, ta yi reshe a ƙasar Ayaland a 1859, daga can wasunsu suka sauka Kano a 1948 suka buɗe makaranta. Ku duba fa, lokacin nan ko ɗa namiji sai an kai ruwa rana ake sa shi boko, balle 'ya mace.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ba 'ya'yan Kirista kaɗai suka yi karatu a can ba. Iyaye Musulmi da dama sun kai 'ya'yansu, wasu da fargaba a zuci, suka fito da addininsu da iliminsu. Wataƙila likitar da ta duba ki ranar awo 'yar can ce, ki tambaye ta.

Kano ta daɗe tana ƙarƙashin Kaduna a tsarin Katolika. Sai a 1999 ta zama cikakkiyar dayosis, da Bishop Patrick Sheehan, mutumin Ayaland. A 2008 ɗan ƙasa, John Niyiring, ya gaje shi.