Mayar da Ruwa Kafin Tsayar da Zawo: Jinyar Gudawar Yara a Gida da Iyakarta

Tsakure

Maƙalar ta auna yadda ake jinyar gudawar ƙananan yara a gidajen Hausawa da ma'aunin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya. Matsayarta ita ce ƙarewar ruwan jiki ke kashe yaro, kuma fassarar da ake yi wa alamomin ciwon na cikin abin da ke jinkirta kai shi asibiti.

Gabatarwa

A ma'aunin likitanci, gudawa ita ce yin bayan gida mai ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a yini. Alƙaluman hukumar na 2024 sun nuna tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 440,000 duk shekara. Abin takaicin shi ne maganin da zai ceci mafi yawansu ba shi da tsada, kuma an san shi fiye da shekara 50.

Tushen maganin

A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji na tsotsar gishiri da sukari tare, ruwa kuma ya bi su. Wannan ƙofa ba ta rufewa ko da kwalara ta kama mutum. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladash, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya yi ƙaranci a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari ta baki, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A 2004 hukumar da UNICEF suka fitar da shawarar haɗa sabon nau'in wannan ruwa, wato ORS, mai sauƙin gishiri da sukari, da ƙwayar zink.

Jinya a gida

Ana zuba ƙunshin ORS a adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikinsa, galibi lita 1, wato leda biyu ta ruwa mai santilita 50. In babu shi, a narka sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, duka a shafe, cikin lita 1. Yawan gishiri na da haɗari, yawan sukari kuma ƙara zawon yake yi, shi ya sa lemon kwalba ba magani ba ne a nan. Bayan kowane tsuguno, ɗan ƙasa da shekara 2 zai sha mililita 50 zuwa 100, ɗan shekara 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200. In ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba cokali-cokali. Abin da ya kai awa 24 a zubar. Zink kuwa, a shawarar 2004, miligiram 20 ne kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba, ko da zawon ya tsaya. Kada a janye nono, kada a hana shi kunu.

Inda ake tuntuɓe

Burin uwa ta ga zawon ya tsaya, kuma ba abin zargi ba ce. Sai dai ORS ba ya tsayar da shi nan take, don haka akan ruga kemis a sayo Flagyl ko kafso. Galibin gudawar yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, musamman rota, wadda waɗannan magunguna ba sa taɓawa. Rigakafinta ne ke aiki, kuma ya shiga jerin na yau da kullum a Nijar a 2014, a Nijeriya a 2022. Magungunan ƙulle ciki irin su Imodium ba a ba wa ƙananan yara su.

A ganin wannan nazari, kuskuren fassara ya fi na kemis muni. In aka ce "haƙora ne", an sallama, sai jira. Alhali watannin fitar haƙori su ne na rarrafe da kai komai baki da fara cin abincin manya, nan ƙwayoyin cuta ke samun hanya. Haka faɗawar maɗiga: ana ɗaukarta ciwo mai zaman kansa a shafa mata magani, ita kuwa shaida ce cewa ruwan jariri ya yi ƙasa sosai. Wayar da kan da ya tsaya ga uwa kaɗai bai isa ba, tunda sau da yawa kaka ce ke fassara alamar, maigida ne ke ba da izini da kuɗin mota.

Iyakar jinyar gida

Ba a kwana da yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yake amayar da komai, ko ya langaɓe, ko idonsa ya zurma, ko fitsari ya ɗauke masa. In aka tsunkuli fatar cikinsa ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, ƙarin ruwa yake buƙata. Jini a bayan gida alamar atini ce, zazzaɓi kuma na iya zama na cizon sauro. Duka biyun sai ma'aikacin lafiya. Haka jariri ɗan ƙasa da wata 2, da mai tamowa, da wanda bai ji sauƙi ba bayan kwana 3. Bayan gida fari kamar ruwan wankin shinkafa kuwa kwalara ake zargi, wadda kan kashe ko babban mutum cikin awoyi, don haka a tafi da shi yana kurɓar ORS a hanya.