Yadda Ake Nemo Takardun Gado A Kotunan Khartum Da Omdurman

Allah Maɗaukakin Sarki Shi Ya raba gado da Kansa a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Sai dai alƙali ba ya iya zartar da wannan rabo sai an tabbatar masa da abu uku: cewa mutum ya rasu, da su wane ne magadansa, da abin da ya bari. A ƙasar Sudan kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da takardarsa da ofishinsa. Mun tattara wannan bayani domin 'yan'uwa mazauna Alshajara da sauran unguwannin Khartum da Omdurman, da kuma danginsu na Kano, Sakkwato ko Maraɗi waɗanda suke da haƙƙi a wani gida ko fili a can.

Dalilin da ya sa ya shafe mu

Hausawa sun daɗe a Sudan. Wasu hanyar Hajji ce ta kai su suka zauna, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu yake ɗauke da sunansa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya rasu a Omdurman alhali yana da ɗiya a Katsina ko ɗan'uwa a Damagaram.

Ita Alshajara unguwa ce a kudancin Khartum, a gabar Farin Nilu, kusa da Kalakla. Ta samo sunanta daga wata babbar bishiya da Turawa suke kira Bishiyar Gordon. A nan ne barikin sojojin tankokin yaƙi yake, don haka yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya yi tsanani ƙwarai a wannan yanki. Mutane sun rasu, wasu sun ɓace, iyalai sun watsu, gidaje da ofisoshi sun lalace. Tun bayan da sojoji suka karɓe birnin Khartum a watan Maris na 2025 mutane suke komawa, kuma maganar gado tana cikin abin da suke tararwa.

Kotun da ke da hurumi

Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Ahwalush Shakhsiyya ta Musulmi ta 1991, wadda ta ƙunshi aure, saki, waliccin marayu, wasiyya da gado. Kotunan da ke zartar da ita ana kiran su Mahkamatul Ahwalish Shakhsiyya. Ana fara bincike ne daga kotun yankin da mamaci yake zaune kafin rasuwarsa. Wanda ya zauna a Omdurman ba a fara neman fayil ɗinsa a ɓangaren Khartum ko Bahri, ko da yana da gida a can.

Ga mai neman tsofaffin takardu, ya sani cewa Turawan mulkin mallaka sun kafa kotunan Shari'a da dokar 1902, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, muƙamin da malaman Masar suka riƙe har zuwa 1947. Waɗannan kotuna sun fi bin mazhabar Hanafiyya, duk da cewa yawancin mutanen ƙasar Malikawa ne, kuma Alƙalin Alƙalai yakan fitar da sanarwa ta hukunci da ake kira manshur. Misali, manshur mai lamba 53 na 1945 ya halatta yin wasiyya ga magaji a cikin sulusi. Don haka ɗalibin da ya karanta Risala ko Askari, idan ya ga tsohon rabo ya saɓa da abin da ya sani, kada ya yi gaggawar cewa alƙali ya yi kure. A zamanin Shugaba Ja'afar Numairi, a farkon shekarun 1980, aka haɗe kotunan Shari'a da sauran kotuna a tsari ɗaya.

Takardu uku

Ta farko ita ce shaidar rasuwa, shahadatul wafat, wadda ake samu ta hanyar asibiti da ofishin rajistar jama'a. Wanda ya rasu a lokacin yaƙi aka binne shi ba tare da takarda ba, ana tabbatar da rasuwarsa a gaban alƙali da shaidu. Yana da kyau a rubuta sunayen waɗanda suka yi masa sutura da ranar da abin ya faru tun suna raye kuma suna tunawa.

Ta biyu ita ce i'ilam shar'i, kuma ita ce uwar takardun. Ɗaya daga cikin magada yake shigar da buƙata, ya kawo shaidar rasuwa, da lambar ɗan ƙasa da ake kira raƙamul wadani, da shaidu biyu da suka san mamaci da iyalinsa. Takardar tana ɗauke da sunan mamaci, ranar rasuwarsa, sunan kowane magaji da dangantakarsa da shi, da furucin cewa babu wani magaji bayan waɗannan. Tana da lamba, da shekara, da sunan kotu. Duk wanda ya riƙe waɗannan ukun ya rage wa kansa rabin wahala wajen neman kwafi.

Ta uku ita ce shahadatul bahas, wato shaidar bincike daga ofishin rajistar filaye, wanda a Sudan yake ƙarƙashin ɓangaren shari'a, bisa dokar rajistar filaye ta 1925. Ana nemanta da lambar fili, da lambar murabba'i, da sunan unguwa. Ita ce take nuna sunan wanda aka yi wa rajista, da faɗin filin, da ko mallaka ce tsantsa ko hayar gwamnati mai tsawon lokaci da ake kira hikir, da kuma ko an jinginar da shi ko kotu ta ɗora masa hannu. Gidan da ba shi da rajista, wanda ake riƙe da shi ta hanyar zama kawai, wato hiyaza, hukuncinsa daban ne, domin dokar 1970 ta mayar da filayen da ba su da rajista hannun gwamnati.

A lura: i'ilam yana faɗin magada ne, ba shi ne rabo ba. Idan ana son kotu ta ƙididdige dukiya, ta yi mata ƙima, ta raba, sai an buɗe fayil na tarika. A cikinsa ake fitar da kuɗin sutura, sannan bashi, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura.

Haɗarin barin suna ɗaya

A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Idan aka kasa dukiyar kashi 120, mata za ta ɗauki 15, uwa 20, kowane namiji 34, mace 17. To idan ashe yana da wata ɗiya a Kano daga aurensa na farko, sai asalin rabon ya koma 144: mata 18, uwa 24, kowane namiji 34, kowace mace 17. Ke nan 34 ɗin da ɗa namiji ya karɓa daga cikin 120 ya ƙunshi haƙƙin 'yar'uwarsa. Shaidan da ya san da ita ya yi shiru ya ɗauki zunubin shaidar zur. Wanda aka bari yana da damar zuwa kotun da ta fitar da i'ilamin ya nemi a gyara, da hujjar nasabarsa.

Matsalar suna ta fi damun Hausawa. A Sudan ana rubuta suna mai hawa huɗu: mutum, ubansa, kakansa, da uban kakansa. Wanda gida ya sani da Garba yana iya zama Abubakar a takarda, Ɗanladi kuma ya zama wani suna daban. Kafin a tafi kotu a jera duk takardun mamaci, takardar zama ɗan ƙasa, fasfo, takardar aure da rasit na fili, a ga ko sunan ya yi daidai. Idan ya saɓa, a nemi kotu ta tabbatar da shaidu cewa mutum ɗaya ne.

Magajin nesa, maraya da wanda ya ɓace

Magajin da ke Najeriya ko Nijar ba lallai ne ya yi tafiya ba. Yana iya ba wani amintacce wakilci a rubuce, taukil, a buga masa hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadancin Sudan, a fassara shi zuwa Larabci. A fayyace iyakar wakilcin: karɓar kwafi ne kawai, ko halartar rabo, ko har da sayarwa.

Rabon maraya yana ƙarƙashin kulawar alƙali, kuma wasiyyi ba ya sayar da shi sai da izinin kotu. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta ishe mu gargaɗi a kan cin dukiyar marayu.

Wanda ya ɓace, mafƙudi, a raye yake a hukunci har sai alƙali ya yanke cewa ya rasu. Ba a raba dukiyarsa, kuma ana ajiye masa kasonsa daga gadon wani. Waɗanda kuma suka rasu tare, kamar gini ya faɗa musu, ba a san wanda ya riga wani ba, jumhurun malamai sun tafi a kan cewa ba sa gadon juna.

Idan fayil ya salwanta

Takarda ɗaya takan bar sawu a wurare da yawa. Kwafin i'ilam yakan kasance a ofishin filaye, a banki, a ofishin fansho, ko wurin lauyan da ya rubuta cinikin gida. A tambayi dattawan mata na gida, domin sau da yawa a akwatinsu takardu suke. Masu binciken tarihin iyali kuma akwai Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun ƙasa a Khartum, wanda Muhammad Ibrahim Abu Salim ya shugabanta shekaru masu yawa, mai ɗauke da takardun zamanin Mahadi da na Turawa.

Duk takardar da ta shigo hannu a ɗauki hotonta, a tura wa magada biyu ko uku a garuruwa daban-daban. Kuma kada a jinkirta. Idan magaji ya rasu kafin rabo, sai an fitar masa da nasa i'ilamin, lissafi ya shiga abin da malaman fara'ili suke kira munasakha, gida ɗaya ya koma na mutum talatin. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Amin.