Yadda Ake Saita Manhajar Saƙon Nan-Take a Kan Hanyar Sadarwar Wata Hukuma

Manhajar saƙon nan-take ita ce wadda ke ba mutum biyu ko fiye damar musayar rubutu ta intanet a lokaci guda, ba tare da jira irin na wasiƙar imel ba. Sau da yawa ma'aikacin da aka tura aiki, kwas ko taro a wata ma'aikata, jami'a, banki ko kamfani yakan tarar manhajar da ke yi masa aiki lafiya a ofishinsa ta ƙi haɗuwa, alhali shafukan yanar gizo suna buɗewa. Galibi ba kwamfutar ce ta lalace ba. Kowace hukuma tana da ƙa'idojinta game da abin da zai shiga ko ya fita daga hanyar sadarwarta, kuma dole baƙo ya daidaita manhajarsa da waɗannan ƙa'idoji.

Abin da ke tare hanya

Manhajar ba ta magana kai-tsaye da mutumin da ake rubuta wa. Tana fara neman wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda ke tantance mai shiga, ta riƙe jerin abokan hulɗarsa, sa'an nan ta miƙa saƙo. Domin isa ga sabar ana bukatar abu biyu, wato adireshinta da lambar ƙofar da take sauraro. Shafukan yanar gizo suna bin ƙofa ta 80 da ta 443, amma tsare-tsaren saƙon nan-take sun taso da nasu ƙofofin dabam. MSN Messenger ya yi amfani da 1863, Yahoo Messenger da 5050, AIM da ICQ kuwa da 5190. Tsarin XMPP yana bin 5222 tsakanin manhaja da sabar, da 5269 tsakanin sabar da sabar.

Katangar tsaro ta yawancin hukumomi takan bar 80 da 443 a buɗe, ta rufe saura. Wasu kuma ba sa barin kowace kwamfuta ta fita intanet da kanta, sai ta hannun wata sabar da ke tsakani, wadda ake kira firoksi. Ita ce ke karɓar bukata ta kai waje, ta dawo da amsa, kuma tana rubuta wanda ya nemi me da kuma lokacin da ya nema. Manhajar da ba a gaya mata akwai firoksi ba za ta yi ta ƙwanƙwasa rufaffiyar ƙofa har ta gaji, ta ba da sanarwar cewa ta kasa haɗuwa.

Yawancin sunayen da aka ambata sun zama tarihi. An rufe MSN Messenger a yawancin ƙasashe a 2013, AIM a 2017, Yahoo Messenger a 2018, ICQ a 2024, Skype kuma a watan Mayu na 2025. XMPP dai yana nan. Jeremie Miller ne ya fara shi da sunan Jabber, ya fito a 1999, aka amince da shi a matsayin ƙa'idar intanet a 2004, aka sabunta ƙa'idar a 2011. Da yake ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, kowace hukuma tana iya kafa tata sabar, shi ya sa aka ɗauke shi a matsayin misali a wannan bayani.

Bayanan da za a nema tukuna

Kafin a taɓa saiti, a je wurin jami'in kula da hanyar sadarwa na hukumar da aka sauka. A tambaye shi ko an yarda da amfani da irin wannan manhaja, ko akwai firoksi, wane iri ne, mene ne adireshinsa da lambar ƙofarsa, da kuma ko sai da suna da kalmar sirri ake wucewa. Firoksi irin na HTTP yakan saurara a 8080 ko 3128, irin na SOCKS kuwa a 1080, amma kowace hukuma tana iya zaɓen wata lamba, don haka zato ba ya wadatarwa. Daga ofishin da ya ba mutum rajista kuma, a riƙe cikakken adireshin rajistar da sunan sabar.

Idan ta hanyar wayales ta baƙi aka shiga, a fara buɗe shafin yanar gizo ko da ɗaya. Wurare da yawa suna tsare baƙo a wani shafi na amincewa da sharuɗɗa, kuma babu abin da zai wuce sai an cika shi.

Cike saitin

Manhajar Pidgin, wadda aka sani da sunan Gaim kafin 2007, kyauta ce, kuma tsarin saitinta ya yi kama da na takwarorinta irin su Gajim da Psi. Idan aka buɗe wurin ƙara sabuwar rajista, shafin farko yana neman irin tsarin, sai a zaɓi XMPP. Adireshin XMPP kama yake da na imel: suna, alamar @, sai sunan gidan da ya yi rajistar. Ana rubuta sunan a gurbinsa, sunan gidan a nasa gurbin. Akwai wani gurbi na uku da ke bambanta na'urorin mutum ɗaya, kamar kwamfutar ofis da ta hannu, wanda ana iya barinsa babu komai. Idan kwamfutar ta aro ce, kada a ce wa manhajar ta adana kalmar sirri. Pidgin na jerin 2 yana ajiye kalmomin sirri a cikin wani fayil ba tare da kulle su ba, duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai karanta.

Shafi na biyu shi ne inda aka fi samun tangarɗa. A ƙa'ida manhajar tana gano sabar da kanta, ta hanyar tambayar kundin sunayen intanet, wato DNS, wani bayani na musamman da ake kira SRV. Sai dai kundin wasu hukumomi ba ya amsa irin wannan tambaya, sa'an nan sunan gida ba lallai ne ya zama sunan sabar ba. Google Talk, wanda ya fito a watan Agusta na 2005, kyakkyawan misali ne: adireshin mutum yana ƙarewa da gmail.com, amma sabar tana talk.google.com, kuma wanda ke bayan katanga sai ya rubuta wannan suna da hannunsa. Kamfanin Google ya daina karɓar manhajojin waje a wannan tsari a 2022, amma matsalar tana nan ga kowace sabar. Saboda haka a rubuta sunan sabar a gurbinsa, a bar ƙofa a 5222. Idan ta ƙi, a bincika ko sabar tana sauraro a 5223 ko 443, inda ake kulle haɗin tun daga farkonsa. Wasu sabobin kuma suna da hanyar BOSH, wadda ke naɗe saƙonnin XMPP cikin zirga-zirgar yanar gizo ta yau da kullum, kuma tana da nata gurbin adireshi. Canza lambar ƙofa ba ya amfani sai idan ita sabar an tanade ta ta amsa a can.

A shafin firoksi a zaɓi irin da jami'in ya faɗa, a rubuta adireshi da lambar ƙofa. Suna da kalmar sirri da ake nema a nan na hukumar da aka sauka ne, ba na rajistar saƙo ba. Mutane da dama suna cakuɗa biyun. A lura kuma, firoksin HTTP da yawa ba sa yarda su buɗe hanya zuwa wata ƙofa in ba 443 ba, don haka ko an cike komai daidai, 5222 tana iya ƙin wucewa.

Takardar shaidar sabar

A gurbin tsaron haɗi a zaɓi wanda ke wajabta kullewa, kuma kada a ba da izinin aika kalmar sirri a fili. Idan manhajar ta yi gargaɗin cewa takardar shaidar sabar ba ta inganta ba, bai kamata a danna amincewa don kawai a wuce ba. Wani lokaci agogon kwamfutar ne ya kauce, ko sunan sabar da aka rubuta bai dace da wanda ke cikin takardar ba. Wani lokaci kuwa hukumar ce ke buɗe haɗin da aka kulle domin ta duba abin da ke ciki, ta gabatar da tata takardar a madadin ta ainihi. Wanda ya amince da wannan takarda ya ba masu gida damar ganin abin da yake rubutawa. Ga ma'aikacin da ke tattauna kwangila, albashi ko bayanan marasa lafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ganin cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa hukumomi alhakin tsare bayanan mutane da ke hannunsu. Kullewa daga mai aikawa har zuwa mai karɓa, irin su OTR da OMEMO, tana hana na tsakani karanta saƙon, ko da yake ba ta ɓoye cewa an yi hulɗa da sabar.

Manhajojin waya da iyakar baƙo

WhatsApp, Telegram da Signal sun rage wa mai amfani wahalar saiti, domin suna neman hanya da kansu, suna kuma iya bin 443. Telegram yana karɓar firoksin SOCKS5 da nasa na MTProto, WhatsApp kuma ya ƙara gurbin firoksi a watan Janairu na 2023. Ana iya samun rubutu yana tafiya amma kira yana yankewa, saboda murya da bidiyo sun fi son bin UDP, wanda katangu da dama ke rufewa gaba ɗaya.

Idan jami'in ya ce an haramta manhajar, to magana ta ƙare a wannan hanya. Kewaye katanga da VPN ko wani firoksi na waje saɓa wa sharuɗɗan masu gida ne, yana iya jawo a cire baƙon daga hanyar ko a kai ƙararsa ga ofishin da ya turo shi, kuma Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kan shiga tsarin kwamfuta ba da izini ba. Abin da ya rage wa baƙo shi ne ya yi amfani da datar wayarsa, ko ofishinsa ya rubuta wa hukumar takarda yana neman a buɗe ƙofar zuwa adireshin sabar guda ɗaya na tsawon kwanakin aikin. Ranar tafiya kuma a goge saitin firoksin, domin idan aka bar shi manhajar za ta ci gaba da nemansa bayan an koma ofis, ta ƙi haɗuwa.