Guzuri da Niyya: Ibada da Neman Halal a Tarihin Hausawan Jazira ta Sudan

1.0 Gabatarwa

Kafin zuwan mota da jirgin sama, Hausawa kan tafi Makka da ƙafa, ko bisa jaki da raƙumi, kuma tafiyar kan ci shekaru. Yawancinsu ba sa barin gida da kuɗin da zai kai su ya komo da su, a hanya suke nemansa. Wannan maƙala za ta dubi waɗanda suka yada zango a Wad Madani da ƙauyukan Jazira da bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, don a ga yadda suka haɗa ibada da neman kuɗi, da inda neman ya taimaki niyya, da kuma inda ya danne ta.

2.0 Matsayin sana'a a cikin aikin Hajji

Hajji bai wajaba a kan Musulmi ba sai yana da iko. To, amma mene ne iko? A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa ke bi, ba dole ne iko ya zama dukiya a hannu da abin hawa ba. Mutumin da ke da lafiyar tafiya a ƙasa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana ɗaukar sa mai iko, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu, littafin da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa. Haka kuma aya ta 198 a Suratul Baƙara ta ɗauke laifi daga mahajjacin da ya yi fatauci a lokacin aikin Hajji.

Wannan fahimta ce ta buɗe wa talaka hanya. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, maɗinki allurarsa, manomi fartanyarsa, malami kuwa allo da tawada. A wurinsu sana'a ita ce guzuri, saboda haka duk abin da aka samu da ita yana cikin ibadar.

3.0 Hanyar gabas

Babbar hanyar ta bi ta Borno da Wadai, ta shiga Darfur, ta ratsa Kordofan zuwa kogin Nilu, sannan ta kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Jama'a sun ƙaru a kanta bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, inda garin da suka kafa yake amsa sunan Mai Wurno har yau. Mutanen Sudan kan kira waɗannan baƙi, Hausawa da Fulani da Barebari, da sunan Fallata ko Takari.

4.0 Gandun auduga na Jazira

Jazira a Larabci tana nufin tsibiri, wato ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kuma Wad Madani ne babban birninta. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun noman rani na Jazira don samar wa masaƙun Ingila auduga. Hedkwatar gandun tana Barakat, dab da Wad Madani. An yanka ƙasar fili-fili, ana kiran kowane da suna hawasha, aka ba manoma haya, ana raba ribar auduga tsakaninsu da gwamnati da kamfani.

Aikin yana son hannu da yawa, musamman shuka da cirar ciyawa da tsintar auduga, su kuwa maniyyata suna son kuɗin jirgi. Ta haka bukatu biyu suka haɗu. Mutum ya ce zai yi kaka ɗaya ya wuce, sai ta zama biyu, ta zama goma. Lokacin da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, manoma da dama suka bar filayensu, wasu baƙin suka samu hawasha. Sai dai dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, wadda ta bukaci shaidar zama a Sudan tun kafin ƙarshen 1897, ta ƙuntata wannan ƙofa. Da yawa suka ci gaba da zama 'yan ƙwadago, ko masu noman raba-daidai da mai fili. A cikin birni kuma suka kama ɗinki da wanzanci da ga-ruwa da sayar da tsire, wanda ya shahara a duk Sudan da sunan agashe.

5.0 Inda gizo ke saƙa

A littafinsa na 1995, masani C. Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a Wad Madani da ƙauyukan Jazira, ya nuna cewa akwai jikoki da tattaɓa-kunnen matafiyan farko da aka haifa a Sudan, ba su taɓa ganin Makka ba, amma suna kiran kansu masu wucewa a kan hanya. Abubuwa uku sun taimaka wajen haifar da wannan hali.

Na farko shi ne bashi. A karkarar Sudan akwai tsarin da ake kira shel, inda ɗan kasuwa ke ba manomi kuɗi ko hatsi a lokacin ƙunci, ya karɓi amfanin gona da kaka a kan farashi mai rauni. A zahiri ya yi kama da cinikin salam da shari'a ta halatta, wato biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, amma a aikace yakan cinye guzurin shekara. Kuma mai tsoron Allah ba ya son ya tsallaka teku da haƙƙin wani a wuyansa, sai ya tsaya ya biya tukuna.

Na biyu shi ne hidimar addini ita kanta. Zakkar dawa, da sadaka ga malamin da ake neman addu'arsa, da ciyar da almajirai da baƙin da suka iso daga yamma, duk daga aljihu ɗaya suke fita da kuɗin jirgi. Wanda ya tara ya ƙi bayarwa ana ganin ya zubar da albarkar tafiyar, wanda ya bayar kuma tafiyarsa ta ja baya.

Na uku shi ne imani cewa isa Makka kira ne, sai ranar da Allah ya nufa. Da wannan tunani jinkiri bai zama abin kunya ba, domin an ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda suka rungumi kasuwanci gadan-gadan. Binciken Mark Duffield kan garin Mai Wurno, wanda aka buga a 1981, ya nuna yadda fatauci da sufurin manyan motoci suka fito da masu jari daga cikin zuriyar masu hijira. Irin waɗannan sun fi samun halin sauke farali, amma sukan komo ga shagunansu da motocinsu. Wato wanda ya yarda ya zauna shi ne ya fi saurin isa, wanda ya ce shi mai wucewa ne kuma ya daɗe a zango.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Hausawan Jazira ba su ɗauki neman kuɗi a matsayin kishiyar ibada ba. Ma'auninsu shi ne niyya da halal: don me ake nema, kuma ta wace hanya. Jirgin sama ya rage wa hanyar ƙasa daraja tun daga shekarun 1950, zuriyarsu kuma sun zama 'yan Sudan, suna Hausa da Larabci. Duk da haka zaman bai rabu da gwaji ba. A 2022 rikicin filaye a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka da yawa, ciki har da na Hausawa. A Disambar 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025. Jikokin waɗanda suka zo da niyyar kaka ɗaya sun sake ɗaukar kaya a ka, amma wannan karon daga gidajen da aka haife su suka fita.