Ƙanƙara da Tururi: Tarihin Saita Ma'aunin Zafi

A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti akwai wata tukunyar lantarki da ake cikawa da ruwa, a saita ta a digiri 37, wato zafin jikin ɗan Adam, domin ɗumama jinin da ake gwadawa kafin a ƙara wa mara lafiya. Lambar da ke bayyana a fuskarta tana fitowa ne daga wani ɗan tsinke da ke nutse cikin ruwan, mai ɗauke da ƙwayar da ake kira tamista. Idan tsinken ya kauce, tukunyar za ta bi shi, sakamakon gwaji ya gurɓace ba wanda ya ankara. To, da me ake auna ma'aunin kansa?

Amsar ta samo asali ne daga ruwa. A shekarar 1742, Anders Celsius, masanin taurari ɗan ƙasar Suwidin, ya kafa ma'auninsa a kan turaku biyu: daskarewar ruwa da tafasarsa. Shi tafasa ya bai wa 0, daskarewa kuma 100, sai bayan rasuwarsa aka juya lambobin. Turken ƙanƙara ya tsaya daram, amma na tafasa ya yi ta rawa, har ma'aunan da ƙwararru suka ƙera suka riƙa saɓa wa juna. Wannan ya sa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta kafa kwamiti ƙarƙashin Henry Cavendish. Rahotonsa na 1777 ya ba da shawarar a riƙa sa ma'auni cikin tururi, kuma a yi la'akari da matsin iska, domin tafasa tana sauka gwargwadon raguwarsa. Shi ya sa ruwan da ke tafasa a digiri 100 a Legas yake tafasa a wajen 96 a Jos, mai tudun kimanin mita 1,200.

Ita kuwa tamista, tushenta na komawa ga 1833, lokacin da Michael Faraday ya lura cewa haɗin azurfa da farar wuta yana ƙara sakar wa lantarki hanya idan ya yi zafi. Sai a 1930 Samuel Ruben na Amurka ya mayar da wannan ɗabi'a kayan aiki. Tamista na da araha, tana kuma jin ƙanƙanin canji, sai dai turjiyarta ga lantarki ba ta sauka daidai wa daida da hawan zafi, don haka turaku biyu ba su isa a fassara ta ba. A 1968, John Steinhart da Stanley Hart, masu neman auna zafin ƙarƙashin teku, suka wallafa lissafin da ya warware matsalar: a gwada tamista a matakan zafi uku da aka tabbatar, lissafin ya cike abin da ke tsakaninsu.

A kan wannan gado ma'aikacin yau yake aiki. Yakan cika kofi da niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ɗan tataccen ruwa, ya nutsa tsinken, ya motsa, ya jira lamba ta tsaya, sannan ya duba tazararta da 0. Daga nan sai ya gwama tsinken da amintaccen ma'auni a digiri 37, inda tukunyar ke aiki, ya ƙara mataki na uku sama da haka, ya shigar da gyaran. Da yake tamista na kaucewa da tsufa, sai ya rubuta ranar, domin a san lokacin da za a sake komawa ga ƙanƙara.