Maƙoƙo a Idon Na'ura: Nazarin Hanyoyin Tantance Ƙululun Wuya a Kudancin Kano

Idan mace ta fito daga Riruwai da kumburi a gaban wuya, 'yan'uwa kan ce maƙoƙo ne, a rufa da mayafi. Tambayar likita daban ce: a cikin kumburin nan, akwai ƙululun da ke ɗauke da ciwon daji? Wannan nazari ya auna hanyoyin ɗaukar hoto da ke amsa tambayar, da yadda suka dace da Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa.

Tushen matsalar

Tayirod wata halitta ce a gaban maƙogwaro, wadda ke buƙatar sinadarin aidin. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai ta kumbura, da tafiyar shekaru kuma ta yi gudaji. Ƙasa mai tuddai da duwatsu, irin ta Doguwa, ita ce ruwan sama ya fi wanke wa aidin, gero da rogon da bai jiƙu ba kuma suna ɗauke da sinadaran da ke rage wa tayirod kuzari. Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri a 1993, amma dokar ba ta narkar da maƙoƙon da ya riga ya tsufa a wuyan iyaye mata ba. Mafi yawan irin wannan ƙululu ba shi da illa. Kimanin kashi 7 zuwa 15 cikin ɗari ne ke zama daji. Aikin hoto shi ne tsince tsakuwa daga cikin shinkafa.

Sikanin: matakin farko

Sikanin, wanda ke aiki da amon sauti, shi ne kan gaba. Ba shi da tururin da ke cutarwa, ya fi sauran araha, ko mai juna biyu ana yi mata. Sai dai akwai abin lura. Na'urar awon ciki da aka saba da ita tana da kai mai lanƙwasa, mai ƙarfin megahaz 3 zuwa 5, domin hango abin da ke can ciki. Wuya kuwa yana son kai miƙaƙƙe mai megahaz 7.5 ko fiye. Samun na'ura a asibitin karkara bai isa ba sai an samu wannan kai.

A 2017 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da ma'aunin TI-RADS, wanda ke ba ƙululu maki bisa abubuwa biyar: ruwa ne a cikinsa ko tsoka, duhunsa, siffarsa, gefensa, da ɗigon alli a cikinsa. Ƙululun da ya cika da ruwa, ko ya yi kama da soso, kusan babu fargaba a kansa. Wanda ya yi duhu sosai, ya fi tsayi a kan faɗi, gefensa ya yi zaƙo-zaƙo, shi ne abin zargi. Makin ne ke tsara aji daga 1 zuwa 5, ajin kuma ya faɗi lokacin tsira allura: aji na 3 sai ya kai santimita 2.5, na 4 santimita 1.5, na 5 santimita 1. Ƙwayoyin da siririyar allurar ta zuƙo su ake dubawa a madubin likita.

Sauran hanyoyi

Idan sakamakon TSH, wato gwajin jini na aikin tayirod, ya sauka ƙasa, ana yin hoton nukiliya. Ƙululun da ya zuƙe da yawa daga sinadarin da ake sa wa jiki domin hoton, wanda ake kira "mai zafi", da wuya ya zama daji. Amma cibiyoyin wannan aiki ƙalilan ne, irin na Asibitin Koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Hoton CT da na MRI kuwa ba su kai sikanin iya rarrabe ƙululu ba. Ranarsu ita ce idan maƙoƙo ya gangara bayan ƙashin ƙirji ko ya matse hanyar numfashi, mai tiyata yana son sanin iyakarsa.

Gargaɗi biyu

Na farko daga Koriya ta Kudu yake. Da aka shiga yi wa masu lafiya sikanin wuya barkatai, adadin masu dajin tayirod ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma yawan mace-mace bai sauya ba. An yi wa dubban mutane tiyatar wuya a kan abin da ba zai taɓa kashe su ba.

Na biyu ya fi kusa da gida. Alamomin TI-RADS sun fi kama dajin da ake kira fafilari. A yankunan da suka daɗe da ƙarancin aidin, nau'in folikula yakan ƙaru, shi kuma sau da yawa yana fitowa sumul a hoto, ko allura ba ta raba shi da ƙululu marar illa sai an cire an duba. Don haka ƙaramin maki bai isa a sallami mai maƙoƙon da ke saurin girma ba, ko wanda muryarsa ta dishe, ko kaluluwa ta fito masa, ko haɗiya ta gagare shi.

Abin da ya dace da yankin

Daga Doguwa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ta dajin Falgore da Kwanar Ɗangora, tafiya ce mai cin kuɗin mota da ranar aikin gona. Tura kowane mai maƙoƙo birni ɓarna ce, barin kowa a gida kuma ganganci. Mafita tana tsakiya: kai miƙaƙƙe a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ma'aikacin da aka horar, da takardar sakamako mai faɗin aji da girma da halin kaluluwa, ba "akwai maƙoƙo" kawai ba. Da irin wannan takarda, likitan Tudun Wada zai iya cewa, "Inna, naki ruwa ne, ki dawo baɗi," ya ce wa ta kusa da ita, "Hajiya, ke kam Kano za ki a makon nan."